Manomi Ba Ya Tone Shukarsa: Jiran Lokacin Ubangiji

Karatu: Yakubu 5:7-11, Yohanna 11:1-44

Yau za mu yi tunani a kan wata tambaya da ke damun zukata da yawa, ko da yake ba kowa ke faɗinta a gaban jama'a ba: idan Allah yana jin addu'a, don me yake daɗewa?

Mai yin wannan tambaya ba marar bangaskiya ba ne. Wataƙila 'yar'uwa ce da ta daɗe a ɗakin miji ba haihuwa, dangin miji kuma sun fara magana. Wataƙila saurayi ne da ya gama makaranta, takardunsa na kwance cikin akwati, ba aiki. Ko kuwa magidanci ne da bashin taki ya hana shi barci, ko mai ciwon da ya sha magani har ya gaji. Dukansu sun yi addu'a. Dukansu suna jira.

HAƘURIN MANOMI

Manzo Yakubu, da yake rubuta wa masu bi da ke shan wuya, ya ce su dubi manomi, yadda yake jiran amfanin ƙasa har ya sami ruwan fari da na ƙarshe. A ƙasar Isra'ila ruwan fari yakan sauko wajen watan Oktoba ko Nuwamba, ya tausasa ƙasa a yi shuka. Ruwan ƙarshe kuwa sai wajen Maris ko Afrilu, shi ne ke cika ƙwayar alkama da sha'ir. Tsakanin biyun akwai watanni da manomi ba ya da iko a kan sama ko kaɗan.

Mutumin Karaye ko Rogo ba ya bukatar a fassara masa wannan. Mun san wanda yake yin binne, ya zuba iri cikin busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. Mun san cewa gero yakan nuna cikin wata uku ko makamancin haka, dawa kuwa sai damina ta ɗauke, rake kuma yakan kusan cinye shekara a gona. Wanda ya shuka dawa ba ya fushi da Allah domin geron maƙwabcinsa ya riga nasa shiga rumbu. Kowane iri da kwanakinsa. Kuma babu manomi mai hankali da zai riƙa tone shukarsa kowace safiya don ya ga ko ta yi saiwa. Wanda ya yi haka ya kashe ta da hannunsa.

A nan ne ya kamata mu rarrabe haƙuri iri biyu. Akwai haƙurin dole, na wanda ya ce, "To, yaya zan yi?" ya naɗe hannu, zuciyarsa cike da ɗaci. Akwai kuma haƙurin dogara, na wanda ya san Wanda yake jira. Manomi yana jira, amma yana noman firi, yana maimai, yana sa taki, yana korar dabbobi. Da rani ma, tun da aka gama madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Karaye a 1992, akwai waɗanda ba sa zaman jiran damina, suna noman rani da kamun kifi. Haƙurin da Littafi Mai Tsarki ke koyarwa shi ne wannan: ka yi abin da ke hannunka da aminci, ka bar wa Allah abin da ke hannunsa, wato lokaci.

HATSARIN WATAN MARKA

Lokacin da ya fi wuya ga manomi ba ranar shuka ba ne. Watan Agusta ne, sa'ad da gona ta yi kore shar, amma rumbu ya kusa ƙarewa. A lokacin ne wasu ke sayar da amfanin da bai nuna ba a kan kuɗi ƙalilan, su zo kaka su ga wani yana kwashe wahalarsu. Haka yake a rayuwar bangaskiya. Gwaji yakan fi tsanani gab da amsa.

Ku dubi Sarki Saul a 1 Sama'ila sura 13. An ce ya jira annabi Sama'ila kwana 7 a Gilgal. Filistiyawa sun taru, mutanensa suna watsewa, annabi bai iso ba. Sai ya miƙa hadaya da kansa, abin da ba a ba shi ba. Yana gamawa ke nan sai ga Sama'ila. Ya jira kwanaki, amma ya kasa jiran sa'o'i, wannan kuwa ya jawo wa gidansa asarar sarauta. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Yau ma hanyoyin gaggawa suna nan. Mai neman haihuwa za a nuna mata gidan boka, a ce ai ba wanda zai sani. Wanda iyayensa suka bar tsafi suka bi Almasihu za a ce masa ya koma ya yi wa iskoki yanka sau ɗaya tak. Mai neman aiki za a ce ya sauya sunansa ko ya ɓoye bangaskiyarsa. Mai bashi za a nuna masa hanyar algus a mudu. Duk waɗannan sayar da gona ne tun ba ta nuna ba. Amma a lura: zuwa asibiti, neman shawarar likita, koyon sana'a, ko roƙon taimako a wurin 'yan'uwa ba rashin bangaskiya ba ne. Wannan shi ne noman da ya wajaba a kanka.

JINKIRI BA ƘI BA NE

A Yohanna sura 11, Marta da Maryamu sun aika wa Yesu cewa ɗan'uwansu Li'azaru ba shi da lafiya. Marubucin ya fara tabbatar mana cewa Yesu yana ƙaunarsu, sa'an nan ya gaya mana cewa ya ƙara kwana 2 a inda yake. Da ya isa Betanya, Li'azaru ya kwana 4 a kabari. 'Yan'uwan nan mata ba su ɓoye ɓacin ransu ba, kowace ta gaya masa cewa da yana nan da ɗan'uwanta bai mutu ba. Yesu bai tsawata musu ba. Ya yi hawaye tare da su, sa'an nan ya ta da matacce. Sun roƙi warkarwa, sun sami abin da ya fi ta.

Wannan ya koya mana abu biyu. Na fari, kuka ba zunubi ba ne. Zabura 13 addu'a ce ta mutumin da ke tambayar Allah tsawon lokacin da zai ci gaba da jira, kuma an bar ta cikin Littafi domin mu. Na biyu, shirun Allah ba alamar ya manta ba ne. Yusufu yana ɗan shekara 17 aka sayar da shi, sai da ya kai 30 ya tsaya a gaban Fir'auna. Mai shayarwar sarki ya manta da shi a kurkuku har shekara 2. Da an sake shi da wuri, da ba ya nan a daren da Fir'auna ya yi mafarkin da ya ceci ƙasashe daga yunwa.

YADDA BISHARA TA ISO MU

Mu kanmu 'ya'yan jira ne. A watan Disamba 1893 samari uku, Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da niyyar kawo bishara ƙasar Sudan, wato yankinmu. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida. Bingham ya koma gida da rashin lafiya. Ya sāke gwadawa a 1900, zazzaɓi ya sāke mai da shi. Sai a 1902 aka kafa tashar farko a Patigi. A 1900 ɗin nan ne Bishop Tugwell da Likita Miller suka iso birnin Kano, aka ce su koma. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa bai fito ba sai 1932. Asibitin ido na mishan a Kano an buɗe shi a 1943, ekklisiyar ECWA kuma ta tsaya da ƙafarta a 1954. Bingham ya rasu a 1942, bai ga ko ɗaya daga cikin biyun nan ba.

Duk wanda ya tsaya bakin kabarin Gowans a 1894 zai ce an yi asara. Amma yau a ƙauyukan Karaye da Rogo ana sujada da Hausa, ana karanta Maganar Allah da Hausa. Wani ya shuka, wani ya girbe. Dole kuma mu faɗi gaskiya: ba kowace addu'a ce ake amsawa yadda muka roƙa ba. Ibraniyawa sura 11 ta ambaci mutanen da suka mutu cikin bangaskiya ba su riƙe abin da aka alkawarta a hannu ba. Bulus ya roƙa sau 3 a cire masa abin da ke damunsa, aka ba shi alheri maimakon haka. Begenmu bai tsaya a wannan kaka kaɗai ba.

ABIN DA ZA MU YI

Ɗan'uwa, idan kana cikin watan markarka, kada ka daina zuwa sujada domin kunya. Ka gaya wa fasto ko wani dattijo amintacce abin da ke damunka. Ka ci gaba da aikin da ke gabanka yau. Ku kuma 'yan ekklisiya, Yakubu ya gargaɗe mu a wannan nassi kada mu yi gunaguni da juna. Kada zumuntar mata ta zama wurin da ake ƙirga wa marar haihuwa shekaru. Kada mu ce wa mai ciwo zunubinsa ne ya jawo. Mai hatsi a rumbu ya auna wa wanda nasa ya ƙare, gama sau da yawa amsar addu'ar ɗan'uwanka tana cikin rumbunka.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba na sama, kai ne mai ruwan fari da na ƙarshe. Ka dubi bayinka da suka gaji da jira. Ka tsare su daga hanyoyin gaggawa, ka ba su ƙarfin yin aikin yau, ka kuma buɗe idanunmu mu taimaki juna har lokacinka ya yi. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.