Sambatu: Ciwon da ake jingina wa aljanu a Kantin Kwari

A Kantin Kwari akwai dattawan da ke lissafin dilolin atamfa da shadda da ka. Irin wannan dattijo zai iya wayar gari ya kasa gane yaron shagonsa, yana kiran mutanen da suka daɗe da rasuwa. Da azahar ya dawo garau, bayan magariba abin ya sake tashi.

Nan take sai a ce iska ce, ko abokan hamayya sun yi masa sammu. Likitoci kuwa suna kiran wannan yanayi diliriyam, wato rikicewar ƙwaƙwalwa farat ɗaya saboda wata cuta a jiki.

Gigin tsufa yana shiga ne a hankali cikin watanni ko shekaru. Wannan kuwa cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki yake zuwa, yana lafawa yana dawowa, kuma hankalin mutum ba ya tsayawa wuri ɗaya. Shi ya sa likita kan ce ya lissafo watannin shekara daga ƙarshe zuwa farko. Ba kowa ke sambatu ba. Wani shiru yake yi da yawan gyangyaɗi, sai a ce gajiyar kasuwa ce, kuma irinsa aka fi makara da shi.

A Maris da Afrilu zafin Kano kan haura digiri 40, ga cunkoso a layukan kasuwa. Ƙarancin ruwa a jiki kaɗai ya isa ya rikita tsoho ko ɗan dako. Haka mai ciwon suga da ya sha magani bai ci abinci ba. Sai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, sanƙarau, taifod, ciwon huhu da ciwon mafitsara. Akwai kuma ƙwayoyin barci da tiramadol. Wanda ya saba da giya ya daina kwatsam, kwana 2 zuwa 3 zai iya shiga karkarwa da gane-gane, abin da kan kai ga mutuwa.

Maganin shi ne gano musabbabin. Gwajin suga minti ɗaya ne, sannan gwajin jini da fitsari, ƙarin ruwa, allurar zazzaɓi ko maganin kashe ƙwayoyin cuta. Asibitin Murtala da Asibitin Zana ba su da nisa da kasuwar. Mai son ruƙiyya ana iya yi masa a gadon asibiti, amma kwana uku a gida ana hayaƙi asara ce babba.

Kada a ɗaure shi. A bar wanda ya sani kusa da shi, a riƙa gaya masa inda yake, a ba shi tabaransa. Allurar kwantar da hankali sai idan zai ji wa kansa ko wani ciwo.

Wasu kan warware cikin kwanaki, wasu sai makonni, wasu tsofaffin ba sa komawa yadda suke. Kafin likita ya tabbatar ya dawo hayyacinsa, kada a sa shi sa hannu a cek ko yafe bashi.