Lamba Daidai, Gida Daban: Inda Kira Ke Ɓacewa Tsakanin Kwamfuta Da Layin Tarho

Ma'aikaci a ofis ya ɗauki kan waya, ya danna lambar da ya sani sarai, amma sai wani baƙo ya amsa a can. Ya ajiye, ya sāke danna lambar nan ɗin dai, sai ga shi ya sami wanda yake nema. Wannan ƙorafi ya daɗe yana sa masu gyaran waya ciwon kai, musamman tun da kwamfuta ta karɓi aikin rarraba kira a ofisoshi. Idan kuwa kiran na neman likita ne ko 'yan kwana-kwana, to abin ya wuce wasa.

A shekarar 1999 ne Mark Spencer, a birnin Huntsville na jihar Alabama ta Amurka, ya rubuta manhajar Asterisk, wadda ke mayar da kwamfuta ta zama na'urar rarraba kira. Ana sanya mata wani kati da ake jona tsohon layin tarho na tagulla a jikinsa, sai katin ya riƙa yin abin da hannun mutum ke yi, watau ɗaga waya da buga lamba. Manhajar da ke sarrafa katin ana kiranta Zaptel, kafin a sauya mata suna zuwa DAHDI a 2008.

Shi tsohon layi ba ya ɗaukar lamba a rubuce, sauti kawai ya sani. Tun ranar 18 ga Nuwamba, 1963, da kamfanin Bell ya fara ba jama'a wayar dannawa a jihar Pennsylvania, kowace lamba amo biyu ce a haɗe, ɗaya mai kauri, ɗaya siriri. Alal misali, lamba 1 ita ce amon da ke girgiza sau 697 a daƙiƙa tare da mai girgiza sau 1209, lamba 5 kuwa 770 ce da 1336. Cibiyar kamfanin waya takan saurari amon biyu, ta gane lambar da ake nufi. Saboda haka duk abin da ya ɓata sauti, ya ɓata lamba.

Mafi yawan lokuta laifin na gaggawa ne. Idan aka ɗaga waya, lantarki mai ƙarfin kimanin bolt 48 yakan fara gudana a layin, cibiya ta lura, ta tanadi na'urar sauraron lambobi, sa'an nan ta aiko da amon nan mai cewa layi a buɗe yake. Mutum yakan jira ya ji wannan amo ba tare da ya ma san yana jira ba. Ita kuwa kwamfuta, yadda aka saba tsara ta, ba ta kasa kunne. Tana ɗagawa sai ta ɗan dakata kaɗan ta fara zuba lambobi. In cibiya ba ta kintsa ba, lambar farko ta faɗi a banza. A Amurka lambar farkon nan sau da yawa 1 ce, a Ingila da Nijeriya kuwa 0, wadda ke nuna kiran na nesa ne. Da ta ɓace, sai cibiya ta ɗauki ragowar a matsayin lambar cikin gari, ta kai kiran gidan da ba a nufa ba. Abin da ke rikita mai gyara shi ne, jinkirin cibiya ba ɗaya ba ne kullum: da safe lafiya lau, da hantsi, lokacin da kira ya yi yawa, sai kuskure. Maganin kuwa ƙanƙane ne har ya kan ba mutum dariya. Harafin w guda ɗaya a gaban lambar yana sa Asterisk ta jira rabin daƙiƙa, biyu kuma daƙiƙa cikakkiya.

Akwai kuma kuskuren tsari. A ofisoshi da yawa ana danna 9 don fita waje, kuma aikin manhaja ne ta cire wannan 9 kafin ta aika da sauran. In aka manta, ko aka cire lamba biyu maimakon ɗaya, kowane kira zai ɓata. Wannan ya fi sauƙin kamawa, domin ba ya fashi.

Mai wuyar sha'ani shi ne lalacewar amon kansa. Katin yakan fitar da kowace lamba na tsawon kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. In ƙarfin sautin ya yi ƙasa, cibiya ba za ta ji ba. In kuma aka ƙara shi fiye da kima, sai ya gurɓace. Doguwar wayar tagulla ta fi cinye siririn amo a kan mai kauri, har tazarar da ke tsakaninsu ta wuce abin da cibiya za ta yarda da shi. Bugu da ƙari, katunan Zaptel kan nemi hankalin kwamfuta sau 1,000 a kowace daƙiƙa. Idan kwamfutar ta shagala da wani aiki ta ƙetare kaɗan daga ciki, sai amon ya tsinke a tsakiya, cibiya ta ƙirga 5 ɗaya a matsayin 55.

Gwanin gyara ba ya taɓa abu biyu a lokaci ɗaya. Yakan fara da cire layin daga katin, ya jona wayar tarho ta gargajiya, ya yi ta kira. In ita ma ta ɓata, laifin na layi ne ko na kamfani, kwamfuta ta kuɓuta. In ba ta ɓata ba, sai ya duba rajistar manhaja ya ga ainihin lambobin da ta aika, daga nan ya naɗi sautin layin da dahdi_monitor ya saurara da kunnensa. Yakan kuma gwada layukan ɗaya bayan ɗaya, domin a ofis mai layi huɗu da ake zagayawa bi da bi, layi guda mai ciwo zai ɓata kira ɗaya cikin huɗu, jama'a su zaci abin ba shi da ƙa'ida.

Wani lokaci ma lambar ba ta da laifi ko kaɗan. Kira yana shigowa daga waje, kafin ƙararrawa ta kaɗa sai kwamfuta ta ɗaga wannan layin don fita, mutum biyu da ba su nemi juna ba su yi kiciɓis, kowa yana tambayar wa ke magana. Ana rage wannan karo ta hanyar sa kiran fita ya fara daga layin ƙarshe ya yo baya, tun da kamfani yakan turo kiran shigowa ne daga layin farko.