Ƙera Ƙananan Jiragen Ruwan Yaƙi: Sha'awar Da Ke Ciyar Da Masana'antu

A garin Sikabora da ke gaɓar teku a arewa maso gabashin Ingila akwai wani wurin shaƙatawa mai suna Peasholm Park, inda tun shekarar 1927 jama'a kan taru a bakin tafki lokacin zafi don kallon yaƙin ruwa. Jiragen da ke gwabzawa tsawonsu bai wuce ƙafa 20 ba, wasu ma mutum guda ke shiga ciki ya tuƙa su, amma ƙirarsu ƙirar jiragen yaƙi ce sak, ga hayaƙi ga ƙarar bindiga.

Wannan na 'yan kallo ne. Baya ga shi akwai ɗimbin mutane a Ingila da Jamus da Amurka da Japan da Ostireliya, galibinsu magidanta, waɗanda suka ɗauki ƙera ƙananan jiragen ruwan yaƙi a matsayin abin ɗebe kewa. Mutum kan shafe watanni, wani lokaci shekaru, a kan jirgi guda, sa'an nan ya kai shi tafki ya tuƙa shi da na'urar sarrafawa daga nesa. Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya lura da shi a nan shi ne, da wuya mai ƙera jirgin ya mayar da kuɗin wahalarsa in ya tashi sayarwa. Ribar tana hannun masu sayar masa da kayan haɗi, su ma ba kowanne ne ya tsira da jarinsa ba.

Tushen aikin lissafi ne. Mai ƙira kan fara da zaɓen ma'auni, wato sau nawa zai ƙanƙanta jirgin gaskiya. A Ingila an fi son kashi 1 cikin 96, wata ƙungiya a Ostireliya mai suna Task Force 72 ta tsaya a kan 1 cikin 72, su kuwa masu gwabza yaƙi a Amurka 1 cikin 144 suka fi amfani da shi. Ɗauki jirgin Yamato na Japan, wanda jiragen saman Amurka suka nutsar a watan Afrilun 1945. Tsawonsa mita 263 ne, saboda haka a ma'aunin 1 cikin 144 zai dawo mita 1 da santimita 83.

To, amma nauyi ba haka yake raguwa ba. Da yake tsawo da faɗi da zurfi duk sun ragu sau 144, sai a ninka 144 a kanta har sau uku, abin da zai ba da kusan miliyan 3, a raba nauyin jirgin da shi. Yamato da cikakken lodi ya kai kimanin tan 72,000, wato ke nan ƙaraminsa dole ya zo daidai da kilo 24. In ya gaza haka zai yi ta tangaɗi a saman ruwa kamar ƙwarya, in ya zarce kuwa ruwa ya haye layin da aka shata masa. Haka zalika gudu: bisa ƙa'idar da injiniyan Ingila William Froude ya gano a ƙarni na 19, da 12 ake rabawa, domin 12 sau 12 ne ke ba da 144. Jirgin da ke tafiyar kilomita 50 a awa, ƙaraminsa kilomita 4 da 'yan kai zai yi, kamar tafiyar mutum a ƙasa, kafin igiyar ruwan da yake tayarwa ta yi kama da ta gaske.

Daga wannan lissafi ne ake gane cewa ƙaramin jirgi ya fi babba wuyar ƙerawa. Alal misali, jirgin yaƙin Nijeriya mai suna Aradu, wanda kamfanin Blohm & Voss na Hambug ya ƙera, ya kuma fara aiki a 1982, tsawonsa kimanin mita 125 ne, nauyinsa kuwa ya ɗara tan 3,000. A wancan ma'auni zai zama santimita 87, nauyinsa kilo guda da ɗan ɗori. A cikin wannan kilo guda ne za a cusa gangar jirgi da injin lantarki da batir da na'urar karɓar umarni da fenti. Duk abin da aka ƙara a sama sai an rage wani a ƙasa.

Ita gangar jirgin hanya biyu ake bi wajen samar da ita. Masu bin tsohon yayi kan yanka haƙarƙari daga falankin katako bisa zanen jirgin, su jera su a kan ƙashin baya, sa'an nan su lulluɓe da siraran katako ɗaya bayan ɗaya. Wasu kuwa sukan sayi gangar da aka riga aka zuba da zaren gilas da gam, irin wadda kamfanin Deans Marine da ke kusa da Pitabora a Ingila ya yi suna a kai. Bayan nan sai a kafa bututun da sandar farfela ke bi, a cika shi da giris don kada ruwa ya kurɗa, a ɗaura abin juya akala a baya. Kafin a rufe sama, akan sa gangar a bahon wanka, a riƙa jera dalma a can ƙasan cikinta har ta zauna daidai. Gidajen sama kuwa, da hasumiya da bindigogi, da roba marar nauyi ake yin su, domin jirgin da kansa ya yi nauyi iska kaɗan ke kifar da shi.

Ƙarasawa ita ta fi cin lokaci, ita ce kuma ke raba gwani da ɗan koyo. Akan goge gangar da samfefa, a toshe ramuka, a fesa fentin share fage, a sake gogewa, har sai yatsa bai ji tudu ba. Ƙasan jirgi ja ne a mafi yawan lokuta, da baƙin layi a daidai bakin ruwa, sama kuma toka-toka. Amma kowace rundunar ruwa da irin tokarta, kuma launin kan sauya daga shekara zuwa shekara, don haka mai ƙira kan tsai da shawarar ko jirgin wace shekara yake kwaikwayo. Shingayen bakin jirgi da tsani da faranten rada, da siririyar tagulla ake sayar da su a fakiti dabam. A ƙarshe gwanaye kan ɗiga alamun tsatsa a inda anga ke goga, don jirgin ya yi kama da wanda ya sha teku.

Abin mamaki, akwai masu yin duk wannan wahala don kawai a harbe jirgin. Wannan wasa ya samo asali ne a jihar Tezas ta Amurka a ƙarshen shekarun 1970. Jiragen da aka amince da su na zamanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu ne. Ana ɗaura musu ƙananan bindigogi masu harba ƙwayoyin ƙarfe da ƙarfin iskar gas, kuma doka ta tilasta a lulluɓe yawancin gefen jirgin da katakon balsa mai laushi wanda kaurinsa bai kai milimita 1 ba, yadda harsashi zai iya huda shi. A ciki akwai famfo mai kwashe ruwa. In hujin ya fi ƙarfin famfo sai jirgi ya nutse, mai shi ya shiga ruwa ya tsamo kayansa, ya liƙe ramukan, ya komo fage. Duk wanda ke bakin tafki sai ya sa tabarau mai kare ido. Ta fuskar ciniki, wannan mai saye ne da ba ya yankewa, domin kullum yana bukatar balsa da gas da batir.

Tarihin masana'antar kuwa darasi ne a kan jari. Kamfanin Tamiya ya fara ne a 1946 a matsayin injin tsaga katako a Shizuwoka ta Japan, kafin ya koma yin ƙananan jirage na katako. A 1960 ya fitar da kayansa na roba na farko, wato Yamato a ma'aunin 1 cikin 800, amma bai samu kasuwa ba. Wata ƙaramar tankar yaƙi mai inji da ya fitar daga baya ce ta tsamo shi. Matsalar ita ce mazubin ƙarfe da ake zuba robar a ciki yana lashe maƙudan kuɗi tun kafin a sayar da kwali ɗaya, ga shi kuwa da ruwan ciki akan ja na rijiya. A 1971 sai kamfanoni huɗu na yankin, Tamiya da Hasegawa da Aoshima da Fujimi, suka haɗa kai a kan ma'auni ɗaya, 1 cikin 700, suka raba jiragen rundunar Japan a tsakaninsu don kada biyu su kashe kuɗi a kan jirgi guda. Waɗannan na ajiyewa a kanta ne, ba sa shiga ruwa, amma dabarar ta yi aiki, ko da yake Fujimi ya fice a 1992. Har yau Shizuwoka ce cibiyar wannan sana'a a Japan.

A Turai labarin ya sha bamban. Kamfanin da ya mallaki Airfix na Ingila ya durƙushe a 2006, inda Hornby ya saye sunan da na fentin Humbrol a kan fam miliyan 2.6. Graupner na Jamus, wanda aka kafa a 1930, ya karye, wani kamfanin Koriya ta Kudu ya karɓe shi a 2013. A halin da ake ciki kuma kamfanonin Sin irin su Trumpeter sun shigo da manyan jirage a ma'aunin 1 cikin 200, waɗanda masu sha'awa kan sa musu inji su kai su ruwa.

Fasaha ma ta sauya fagen. Tun tsakiyar shekarun 2000 sababbin na'urorin rediyo suka kawar da tsohuwar matsalar nan ta mutum biyu su haɗu a kan zango ɗaya, wani ya riƙa juya jirgin wani. Bugu da ƙari, injin da ke ɗab'a abu da roba kai tsaye daga zanen kwamfuta ya ba mutum guda damar ƙera bindigogi da kwale-kwalen ceto a ɗakinsa, ya sayar wa masu bukata a ko'ina ba tare da mazubin ƙarfe ba. Shingen jarin da ya kusan kayar da Tamiya ya ragu ainun ga mai yin kaya kaɗan-kaɗan.

Sai dai wannan mai saye ba a yi masa rufa-rufa. Yana da zanen jirgi da hotuna, ya san yawan bindigogin da ke kowane gefe. In kuma ganga ta karkace ko nauyi ya zarce, ranar farko da aka sa ta a tafki kowa zai gani. Kamfanin da ya riƙe amanarsa kan riƙe shi shekara da shekaru, domin da wuya ya gama jirgi ɗaya bai riga ya sayi zanen na gaba ba.