Baƙar Kazar Ruwa

Duk ɗalibin da ya taɓa sammako zuwa fadama da damina, watakila ya ga wata 'yar tsuntsuwa baƙa ƙirin ta gilma a kan ganyen bado, ta shige ciyawa kafin ya ƙifta ido. Ita ce baƙar kazar ruwa. Ba ta kai tantabara girma ba, tsawonta bai wuce santimita 23 ba. Bakinta rawaya ne mai ɗan kore-kore, idanunta da ƙafafunta kuwa ja wur.

Ku lura da jikinta. A matse yake ta gefe da gefe, shi ya sa take kurɗawa tsakanin kachalla ba tare da ciyawa ta motsa sosai ba. Yatsunta dogaye ne, suna raba nauyinta a kan ganye, don haka ba ta nitsewa. Tana iya tashi, amma ta fi son gudu. Abincinta ƙwari, tsutsotsi, dodon koɗi, talibambam da ƙananan kifaye. Ba ta da kirki ƙwarai, domin takan sha ƙwan wasu tsuntsaye. Inda akwai dorina, har bayanta takan hau tana tsince mata ƙwari.

Abin da ya fi burge ni shi ne renonsu. Namiji da mace suna saƙa sheƙa kamar ƙoƙo a cikin ciyawar bakin ruwa, mace ta sa ƙwai 2 zuwa 6, su riƙa kwanci bi da bi na mako biyu ko fiye. 'Yan tsakin kan bar sheƙa cikin kwana uku, amma sai sun yi mako biyar ko shida kafin su iya tashi. A wannan lokaci yayyensu na ƙyanƙyasar baya sukan taya iyaye ciyar da su.

To, duk wannan rayuwa a kan ciyawar fadama ta dogara. A dausayin Haɗeja da Nguru, ambaliya ta ragu bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kachalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Manoma da masunta suna kuka da ita, kuma da gaskiyarsu. Sai dai wannan kachallar ita ce ɗakin tsuntsuwar. In aka cinna mata wuta gaba ɗaya, manyan za su tsere, ƙwai da 'yan tsaki kuwa nan za su ƙone.