Hayaƙin Dandamali Ba Sai An Hura Wuta Ba

Wuraren da ake neman hayaƙi a wasan kwaikwayo sanannu ne: ɗakin boka, fitowar aljani, mafarki, ko gidan da aka ce gobara ta kama. A makarantu da ƙungiyoyin wasa na unguwa, abin da aka saba shi ne a tura yaro bayan labule da kasko da garwashi, ya yi ta zuba ɗanyen ganye ko tsumma yana fifitawa. Wani ma guntun soson katifa yake jefawa, don ya ga hayaƙinsa ya fi kauri. Malaman wasa ya kamata su hana wannan kwata-kwata.

Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi balle wari. Mutum sai dai ya ji ciwon kai da jiri, kafin a farga ya faɗi. Soso da roba da taya kuwa hayaƙinsu guba ne, soson ma har sayanaid yake fitarwa. Ga kuma wutar kanta, a wurin da ke cike da labule da katako da tufafin leda. A watan Fabrairun 2003, a jihar Rhode Island ta Amurka, tartsatsin wasan wuta da aka kunna a dandamalin wani gidan rawa ya kama soson da aka manna a bango don tsare ƙara, mutum 100 suka mutu. A Janairun 2013 kusan haka ta faru a garin Santa Mariya na Brazil, mutum 242 suka rasu, akasarinsu hayaƙi ne ya kashe su, ba ƙuna ba. A Satumbar 2023 a Hamdaniya ta Iraƙi, wasan wuta ne a ɗakin biki ya ci fiye da mutum 100. Masu shirya biki a manyan ɗakunan taro namu, waɗanda yanzu suke kunna tartsatsi lokacin shigowar ango da amarya, su yi wa kansu faɗa.

Abin da ƙwararru ke nuna wa 'yan kallo ba hayaƙi ba ne, hazo ne, ƙananan ɗigon ruwa da ke yawo a iska. Sai dai shi ma da sharuɗɗansa.

Wanda ya fi ruɗin mutane shi ne busasshiyar ƙanƙara, wadda ke ba da farin hazon nan mai bin ƙasa da ake gani a bukukuwa. Ba ruwa ba ce, iskar kabon dayoksaid ce aka daskarar, sanyinta ya kai digiri 78 ƙasa da sifili. Ba ta narkewa ta zama ruwa, kai tsaye take komawa iska. Idan aka jefa ta a ruwan zafi sai hazo ya tumbatso ya malala. Kilo ɗaya tak yana fitar da iska fiye da lita 500, kuma iskar ta fi wadda muke shaƙa nauyi, don haka ƙasa take kwanciya ta kori iskar numfashi. Wanda ke tsaye ba zai ji komai ba. Amma a duba ɗan wasan da aka ce ya kwanta a matsayin gawa, hazo ya lulluɓe shi, an kuma gargaɗe shi kada ya motsa sai an ja labule. Numfashinsa zai fara sauri, kansa ya yi nauyi, idan ya suma ma 'yan kallo tafi za su yi, su ce ya iya mutuwa. Haka ƙananan yara da masu kiɗan da ke zaune a ƙasan dandamali. A Fabrairun 2020 a birnin Mosko, an zuba busasshiyar ƙanƙara mai yawa a wurin ninƙaya na cikin gini don ƙawata bikin ranar haihuwa, mutum 3 suka mutu.

Saboda haka kada a kwantar da kowa a cikin irin wannan hazo, kuma a bar ƙofofi da tagogi a buɗe. Ba a taɓa ta da hannu tsirara, tana ƙona fata kamar wuta, sai da safar hannu mai kauri ko awartaki. Ba a toshe ta a kwalba ko gorar roba, fashewa take yi. A ajiye ta a cikin kula mai murfi sako-sako, in an ɗauko ta a mota a sauke gilashi. Don tukunyar boka, ɗan dunƙulen da bai wuce ƙwai ba ya isa. Kada a saka ta a abin da ɗan wasa zai kai baki.

Sai na'urar hazo, wadda masu kayan sauti ke bayarwa haya. Tana dumama wani ruwa na musamman, haɗin ruwa da gilaikol ko gilisarin, ta feso shi. A zuba mata ruwan da kamfaninta ya ce kawai. Masu dabarar ƙara turare ko humra ko mai don wai hazon ya yi ƙamshi, su daina: abin da ya ƙone a cikin na'urar huhun jama'a zai shiga, gilisarin ma idan zafi ya yi masa yawa yana rikiɗa ya zama abu mai ƙona ido da maƙogwaro. Bakin na'urar yana zafi sosai, a nisanta shi da labule da fuskar mutane. Hazon yana barin santsi a ƙasa, a goge kafin masu rawa su shigo. Ko da ruwan na asali ne, yawansa na damun mutum. Binciken da ƙungiyar 'yan wasan dandamali ta Amurka ta sa aka yi, wanda ya fito a 2000, ya nuna yawan shaƙarsa na kawo ƙaiƙayin hanci da maƙogwaro, shi ya sa aka ƙayyade masa iyaka a gidajen wasansu. Mai ciwon asma a tambaye shi tun a gwaji, kada a jira ranar wasa. In kuma da janareta za a tayar da na'urar, waje ne mazauninsa, nesa da taga.

Wanda ba shi da kuɗin haya bai rasa hanya ba. Akwai 'yar na'urar da ake sawa a kwanon ruwa, tana girgiza shi ya zama hazo mai sanyi, ruwa ne zalla, sai dai a kula da wayar lantarki. Ni a ganina ma rabin aikin na fitila ne. Ɗan hazo kaɗan, idan aka haska shi daga baya ko daga gefe a gaban baƙin labule, ya fi cikin ɗaki guda da aka haska ta gaba fitowa. Jan ƙyalle mai laushi da fanka da jar fitila suna ba da gobarar da ke gamsar da mai kallo. Amma a guji watsa garin fulawa ko sitaci a iska, ƙurarsu na kamawa da wuta idan ta haɗu da kyandir ko tartsatsi.

Kafin a fara wasa a sanar da 'yan kallo cewa za su ga hayaƙi, don masu asma da masu goyo su matsa kusa da ƙofa, kuma kada wani ya yi ihun gobara a yi turmutsitsi. Kada hazo ya rufe hanyar fita, kada a sa wa ƙofa kwaɗo don hana masu shigowa ba tikiti. A ware mutum ɗaya wanda ba ya cikin wasan, ya tsaya kusa da na'urar da abin kashe gobara da bokitin yashi, a kuma gaya wa kowa, har darakta, cewa idan ya ce a tsaya to an tsaya.