Katin ATM ba ya gina suna: Yadda matasan Kaura Namoda ke shiga littafin bashi ba tare da sun sani ba

A kasuwar Kaura Namoda, yaron shagon da ya shekara biyar yana karɓar kaya a hannun dila, ya sayar ya kawo kuɗi ranar da aka yi alkawari, ba ya buƙatar takarda kafin a ƙara masa buhu goma. An san shi, an san ubangidansa, an san gidansu. Amma ranar da ya shiga banki neman jarin naira dubu ɗari biyar don ya buɗe nasa shagon, ma'aikaci zai buga lambar BVN ɗinsa a kwamfuta, kuma abin da zai fito ba zai ambaci ko rana ɗaya daga cikin shekarun nan biyar ba.

Ɗayan biyu ne zai faru. Ko dai shafin ya fito fayau, babu komai a kansa, ko kuma ya fito da wani ɗan bashin naira dubu goma da ya taɓa ci a wata manhajar waya shekara uku da suka wuce, ya goge manhajar, ya manta. Na farko yana nufin banki bai san shi ba. Na biyu ya fi muni, domin banki ya san shi da abu guda ɗaya tak, kuma ba abin kirki ba ne.

Wannan shafi shi ake kira tarihin bashi, kuma matasa da yawa a Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi ba su ma san ana ajiye shi da sunansu ba.

Kati biyu, aiki daban

Tun bayan ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin da aka sauya fasalin naira, da wuya ka ga matashi mai wayar hannu a waɗannan garuruwa da ba shi da asusu, ko na banki ko na kamfanoni irin su OPay da PalmPay da Moniepoint. Inda reshen banki ya yi nisa, ko hanya ta ƙi biyuwa saboda 'yan bindiga, mai POS ne bankin jama'a. Binciken ƙungiyar EFInA na 2023 ya nuna kashi 47 cikin 100 na manya a Arewa maso Yamma ba sa hulɗa da kowace irin cibiyar kuɗi, alhali a ƙasa baki ɗaya kashi 26 ne. Adadin ya sauko sosai idan aka kwatanta da na 2020, kuma wayar hannu na da babban kaso a wannan sauyi.

Sai dai katin da ke aljihun waɗannan matasa, ko Verve ne ko Mastercard ko Visa ko AfriGo da aka ƙaddamar a watan Janairun 2023, katin cirar kuɗi ne. Kuɗin mutum ne yake taɓawa da shi. Ko da naira miliyan ɗaya ke shiga tana fita a asusun kowane wata, babu wanda ya ranta masa komai, saboda haka babu abin da za a rubuta game da yadda yake biyan bashi.

Katin bashi shi ne ke yin wancan aikin. Banki ke sanya masa iyakar abin da za a iya kashewa, mai katin ya yi sayayya da kuɗin banki, ƙarshen wata ya biya. Kowane biya a kan lokaci shaida ce da ake rubutawa. A Amurka da Ingila ta wannan hanya matasa da yawa ke fara gina suna tun suna jami'a. A Najeriya kuwa katin bashi abu ne na 'yan ƙalilan, galibi ma'aikatan da albashinsu ke shiga ta bankin da ya ba su katin. Mai sayar da kayan waya a bakin tasha ko ɗan acaɓa ba su cikin lissafin. Duk shawarar da matashi zai karanta a intanet cewa ya nemi katin bashi don ya gina tarihi, an rubuta ta ne domin wata ƙasa.

Su wa ke riƙe da littafin?

Kamfanoni uku ne Babban Bankin Najeriya, CBN, ya ba lasisin tattara bayanan masu cin bashi: CRC Credit Bureau da FirstCentral da CreditRegistry. Bankunan kasuwanci da ƙananan bankuna da sauran masu bayar da lamuni suna aika musu bayanin wanda ya ci, nawa ya ci, yaushe ya biya, kwana nawa ya makara. Dokar da ta tsara wannan aiki Farfesa Yemi Osinbajo ne ya sanya mata hannu a watan Mayun 2017, lokacin yana muƙaddashin shugaban ƙasa.

Daga waɗannan bayanai ake fitar da maki. A kamfanin CRC makin yana farawa daga 300 ya tsaya a 850, kuma gwargwadon yawansa gwargwadon yardar da mai bayar da bashi zai yi. Abin da ke ɗaure bayanan da mutum shi ne BVN, lambar nan mai alƙaluma 11 da aka fara bayarwa a watan Fabrairun 2014. Mutum na iya sauya layin waya, ya sauya banki, ya tashi daga Zurmi ya koma Legas, amma BVN ɗaya ce har abada.

A nan ne al'adar kasuwa da tsarin banki suka rabu. Kaura Namoda ba baƙuwar bashi ba ce. Tun da layin dogo daga Zariya ya iso garin a 1929 ya tsaya nan, cinikin gyaɗa da auduga ya ginu ne a kan kuɗin da ake ba dillalai tun kafin kaka, su kawo kaya bayan girbi. Har yau fataken da ke cin kasuwar Shinkafi ranar Alhamis suna karɓar kaya a kan za a biya kasuwa mai zuwa, mata kuma na zuba adashi shekara da shekaru ba a taɓa jin kansu ba. Duk wannan amana ce ta gaske, amma ba ta isa ga CRC ko FirstCentral, domin dila da uwar adashi ba sa aika rahoto ko'ina. Mai manhajar bashi kuwa, idan yana da rajista, yana iya aikawa.

Bashin korona da aron BVN

Darasi mafi ɗaci da jama'ar Arewa suka koya kan wannan batu ya zo ne ta bashin da aka fi sani da bashin korona, wanda CBN ya fito da shi a 2020 ta hannun ƙaramin bankin NIRSAL domin magidanta da masu ƙananan sana'o'i. Mutane da yawa sun ɗauke shi a matsayin rabon gwamnati, kamar yadda wasu manoma suka ɗauki lamunin noma na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015. Wasu ma ba su cike fom da hannunsu ba. Sun miƙa lambar BVN ga wani wakili a gari, kuɗi suka fito, aka ba su wani kaso, wakili ya riƙe saura.

A ranar 1 ga Agustan 2020 wani tsari na CBN mai suna GSI ya fara aiki. Tsarin ya ba bankin da ke bin mutum bashi damar cire kuɗinsa daga duk wani asusun banki da ke ɗaure da BVN ɗinsa, muddin ya sanya hannu kan amincewa lokacin karɓar lamunin. Da lokacin biya ya wuce, sai mutane suka fara wayar gari da alat na cirar kuɗi daga asusun da suke ganin ba shi da alaƙa da wancan bashi. Wanda ya karɓi kaso kaɗan a hannun wakili, cikakken bashin ne a kansa, domin sunansa ne a rubuce.

Har yanzu aron BVN da NIN bai daina ba. Aboki ya ce a ara masa zai buɗe asusu, wani ya zo da labarin tallafi ya tattara lambobin samarin unguwa, wani ya nemi a tsaya masa a matsayin mai lamuni. Kunya kan hana matashi cewa a'a, musamman idan mai roƙon ya girme shi. Amma duk abin da aka ci da lambar, mai lambar za a nema, kuma wanda ya tsaya wa wani shi ma yana iya ganin bashin a shafinsa idan wancan ya ƙi biya.

Manhajojin bashi na waya su ne ɗaya ƙofar. Minti biyar kuɗi sun shigo, mako biyu ruwa ya hau. Cin mutuncin da wasunsu ke yi, na aika saƙo ga duk wanda ke cikin wayar mai bashi, ya sa hukumar kare haƙƙin masu sayayya, FCCPC, ta tilasta musu rajista tun 2022, kamfanin Google kuma ya hana su leƙa lambobi da hotunan da ke cikin waya daga ƙarshen Mayun 2023. Goge manhaja dai ba ya goge bashi.

To ina mafita ga wanda ke gudun riba?

A jihar da ta fara ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999, wannan tambaya ba ta gefe ba ce. Matasa da yawa ba rashin dama ne ya hana su cin bashin banki ba, kuɗin ruwa ne ba sa so, kuma katin bashi na yau da kullum a kan ruwa yake tafiya da zarar an wuce wa'adi. Ko an ajiye batun addini, ruwan kansa ya isa ya kori mutum: ma'aunin da CBN ke sanyawa ya kai kashi 27.5 cikin 100 a ƙarshen 2024, abin da bankuna ke ɗora wa ƙaramin ɗan kasuwa kuwa ya fi haka.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne littafin bai damu da ko akwai ruwa ko babu ba. Alkawari da cikawa yake rubutawa. Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJBank da ya biyo baya a 2019, suna ƙarƙashin CBN kamar kowane banki, kuma su ma suna kai rahoto. A tsarin murabaha banki ne ke sayen kayan, ko keken ɗinki ne ko firiza ko babur, ya sayar wa mutum da ribar da aka yi yarjejeniya a kanta tun farko, ya riƙa biya kashi-kashi. Wanda ya kammala biyan keken ɗinki a wata goma sha biyu ba tare da makara ba, ya samu shaida goma sha biyu a shafinsa. Matsalar ita ce rassan waɗannan bankuna sun fi yawa a manyan birane, don haka ɗan Zurmi sai ya haɗa da kuɗin mota da fargabar hanya.

Ga ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, bashin farko a rayuwar da yawansu zai kasance na NELFUND ne, asusun lamunin karatu da aka buɗe shafinsa a watan Mayun 2024. Babu ruwa a cikinsa, ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, kuma ana fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa, ta hanyar cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Da BVN da NIN ake nema. Ɗalibin da ya ɗauke shi a matsayin kyauta yana shirin maimaita labarin bashin korona ne, wannan karon da takardar shaidar karatu a hannu.

Katin ATM ɗin ma yana da nasa amfanin, ko da ba ya shiga littafin. Bayanin shige da ficen kuɗi na wata shida ko shekara shi ne abu na farko da mai bayar da lamuni zai nema daga wanda shafinsa ke fayau. Kamfanoni irin su Moniepoint ma cinikin da ke bi ta na'urar POS suke dubawa kafin su ba ɗan kasuwa jari. Matashin da ke karɓar cinikinsa ta asusun yayansa, ko yake rarraba shi a asusu huɗu, yayan yake gina wa suna.

Idan sabis ya ɗauke

Akwai abin da ya keɓanta da wannan yanki wanda tsarin bai yi tanadinsa ba. A watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka kuma rufe kasuwannin mako-mako. Makonni da dama babu kira, babu tiransifa, babu POS. Kwamfutar da ke ƙirga kwanakin makara tana Legas, ba ta san an rufe kasuwar Shinkafi ba. Haka manomin da aka hana shi zuwa gona, ko iyalin da suka sayar da komai don karɓo ɗan'uwa daga daji. Wanda irin wannan ta same shi, gara ya sanar da banki a rubuce tun kafin ranar biya ta wuce, ya nemi a sake tsara masa wa'adi, domin sake tsari da ƙin biya ba iri ɗaya ake rubuta su ba.

Dokar 2017 ta ba kowane mutum damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara daga waɗannan kamfanoni, kuma ana iya nema ta shafukansu na intanet da lambar BVN. Wanda ya ga bashin da bai ci ba, ko wanda ya biya amma ba a goge ba, yana da haƙƙin ƙalubalanta, kuma wajibi ne a bincika. Takardar shaidar kammala biya daga wanda ya bayar da lamunin ita ce hujjarsa, saboda haka a karɓe ta a adana.

Nauyin wannan shafi ƙaruwa yake yi. A watan Yunin 2025 shugaban hukumar lamunin masu sayayya ta tarayya, CREDICORP, Uzoma Nwagba, ya bayyana cewa gwamnati na shirin ɗaure tarihin bashin kowane ɗan ƙasa da lambarsa ta NIN, ta yadda wanda ya ƙi biya zai iya fuskantar cikas wajen sabunta fasfo ko lasisin tuƙi.