Gidan renon kamfanoni: ina rabon wanda bai iya kwamfuta ba?

A zamanin nan, duk mai dabarar wata sabuwar sana'a da za a yi ta hanyar salula ko intanet yakan ji labarin gidajen renon kamfanoni, inda ake ba mutum jari da horo har ya tsaya da ƙafafunsa. Amma da yawa daga cikin masu wannan buri ba su karanta ilimin na'ura mai ƙwaƙwalwa ba, wato kwamfuta: wani ɗan kasuwa ne, wata ma'aikaciyar asibiti ce, wani kuma malamin gona. Sun san matsalar jama'a ciki da waje, sai dai ba su iya rubuta wa na'ura umurnin da take aiki da shi ba. Shin ƙofar gidan reno tana buɗuwa ga irin waɗannan? Labarin gidan da ya fi kowane suna a duniya, da na wasu samari biyu masu zane da suka ƙwanƙwasa ƙofarsa a ƙarshen 2008, yana da amsa a ciki.

Mene ne gidan reno?

Gidajen nan iri biyu ne. Akwai na reno a hankali, wanda ke ba ƙaramin kamfani ɗakin aiki da shawara shekara ɗaya ko fiye, kamar cibiyar CIPMEN da aka buɗe a Yamai cikin 2014. Akwai kuma na reno cikin hanzari, wanda ke ɗaukar kamfani na ƴan watanni kawai, ya zuba masa kuɗi, ya matsa masa lamba ya girma, shi kuma ya karɓi wani kashi na kamfanin ya zama nasa.

Uban wannan iri na biyu shi ne Y Combinator na ƙasar Amurka. Mutum huɗu suka kafa shi cikin 2005 a garin Cambridge, kusa da Boston: Paul Graham, Jessica Livingston, Robert Morris da Trevor Blackwell. Rukunin farko kamfani 8 ne kacal. Daga baya gidan ya koma jihar Kalifoniya, kuma zuwa 2025 ya reni kamfanoni fiye da 5,000. Har na Afirka sun shiga: Paystack na Legas ya samu shiga cikin 2016, kamfanin Stripe ya saye shi cikin 2020 a kan kuɗin da ya haura dalar Amurka miliyan 200.

Horon wata uku ne. A ƙarshensa akwai ranar baje koli, inda kowane kamfani ke tsayawa gaban masu jari ya nuna abin da ya ƙulla. Bisa tsarin da aka sa cikin 2022, wanda aka ɗauka yana samun dalar Amurka 500,000, abin da ya zarce miliyan 250 na sefa. Daga ciki, 125,000 ana ba da su ne a kan kashi 7 cikin 100 na kamfanin. Sauran 375,000 kuma suna zama hannun jari daga baya, sa'ad da wasu masu kuɗi suka shigo. Saboda haka kuɗin nan ba kyauta ba ne, ba bashi ba ne kuma: ciniki ne. Masu nema dubbai ne a kowane zagaye, waɗanda ake ɗauka kuwa ba su wuce 1 ko 2 cikin 100 ba.

Masu zane biyu da katifa uku

Brian Chesky da Joe Gebbia makarantar zane da fasalin kaya suka yi a jihar Rhode Island. Babu injiniyan kwamfuta a cikinsu. Cikin watan Oktoba na 2007 suna zaune a birnin San Francisco, kuɗin haya ya gagare su. Sai ga wani babban taron masu zane a birnin, otal-otal duk sun cika. Suka shimfiɗa katifu uku irin na hura iska a ɗakinsu, suka sauki baƙi uku, kowane yana biyan dalar Amurka 80 a kwana har da karin kumallo. Saukar da baƙo a gida a karɓi lada tsohon abu ne ga wanda ya san aikin fatoma a zango. Sabon abin da suka hango shi ne haɗa mai ɗaki da baƙo ta intanet, a kowane gari na duniya.

Nan suka gane iyakarsu. Zane sun iya, magana da mutane sun iya, amma ginin dandalin da zai karɓi kuɗi ya riƙe sunayen dubban mutane ya fi ƙarfinsu. Gebbia ya nemo Nathan Blecharczyk, wanda suka taɓa zama gida ɗaya, mai digirin ilimin kwamfuta daga jami'ar Harvard. Cikin Fabrairu na 2008 ya shigo, ba a matsayin ɗan ƙwadago ba: shi ne na uku cikin masu kamfanin.

Duk da haka kasuwa ba ta buɗe ba. A tsakiyar 2008 aka haɗa su da masu jari bakwai, suna neman dalar Amurka 150,000 a kan kashi 10 cikin 100. Biyar suka ce a'a, biyu ko amsa ba su bayar ba. Taron jam'iyyar Barack Obama a birnin Denver cikin Agusta ya kawo musu baƙi na ƴan kwanaki, da aka watse ciniki ya sake kwantawa. Bashi ya yi musu katutu.

Da abin ya ƙi, sai suka koma ga sana'ar hannunsu. Amurkawa suna da wani abincin safe na hatsi da ake ci da madara, ana sayar da shi cikin kwali. Samarin suka zana kwalaye iri biyu, ɗaya da hoton Obama, ɗaya da na abokin takararsa John McCain. Suka naɗe su da hannu, suka cika da hatsi mai araha, suka sa wa kowane kwali dalar Amurka 40. Da haka suka tara wajen 30,000, suka rage bashi. Na Obama ya ƙare tas. Ragowar na McCain su suka yi ta ci don ba kuɗin abinci.

Minti goma

Wanda ya ba su shawarar su nemi shiga Y Combinator shi ne Michael Seibel, kuma shi kansa ilimin siyasa ya karanta a jami'ar Yale. Ganawar da ake yi da masu nema minti 10 ce, tambaya na bin tambaya, ba a ba da damar dogon jawabi. Paul Graham bai ga abin kirki cikin dabarar ba: ya yi mamakin a ce mutum ya yarda ya kwana a ɗakin wanda bai sani ba. Suna shirin fita ke nan Gebbia ya fito da kwalin Obama ya miƙa masa, suka ba shi labarin yadda suka sayar da shi.

Kamar yadda Chesky yake ba da labari, a nan hankalin Graham ya juya. Ya kwatanta su da kyankyasai, waɗanda ba su mutuwa da sauƙi. Ya kuma lura cewa wanda ya iya sayar da hatsin dala 4 a kan dala 40, watakila zai iya shawo kan mutane su kwana a gidan baƙin ido. Lokacin kuwa tattalin arzikin duniya ya shiga mawuyacin hali, masu jari sun ɗaure bakin jaka, saboda haka gidan yana neman masu jimiri. Aka ɗauke su cikin rukunin Janairu na 2009, aka ba su dalar Amurka 20,000, wajen miliyan 10 na sefa a canjin lokacin, a kan kashi 6 cikin 100.

Aikin ƙafa

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi shafar wanda bai iya kwamfuta ba. Graham ya tambaye su inda mafi yawan masu amfani da dandalinsu suke. Suka ce New York. Ya ce to me suke yi a Kalifoniya, su tafi can. Chesky da Gebbia suka riƙa hawa jirgi suna zuwa, Blecharczyk yana zaune yana gyaran dandali.

A New York suka bi masu ɗakuna gida gida. Suka tarar hotunan da aka sa na ɗakunan duk sun yi duhu, ba mai ganinsu ya yi sha'awar kwana. Suka yi hayar na'urar ɗaukar hoto mai kyau, suka ɗauki sababbin hotuna da hannunsu, suka zauna da masu gidajen suna jin kukansu game da farashi da hanyar karɓar kuɗi. Gebbia ya ce cinikin mako da ya daɗe a tsaye kan dala 200 ya koma 400. Ba a rubuta wa na'ura ko layi ɗaya ba kafin a samu wannan ƙari. Cikin Maris na 2009 suka taƙaita sunan kamfanin ya zama Airbnb, cikin Afrilu kuma masu jari, a gaba-gabansu kamfanin Sequoia, suka zuba wajen dala 600,000. Ranar 10 ga Disamba 2020, da aka fara sayar da hannun jarinsa ga jama'a, darajar kamfanin ta kai wajen miliyar 100 na dalar Amurka.

Abin da masu zaɓe suke dubawa

Mai karatu ya lura da abu biyu a wannan labari. Na ɗaya, samarin nan sun je da shaida a hannu: baƙi sun kwana, kuɗi sun shigo, bashi ya ragu. Gani ya kori ji. Na biyu, sun je su uku, da maginin dandali a cikinsu.

Takardar neman shiga gidan tana tambaya a fili: wane ne ke rubuta umurnin kwamfuta na wannan kamfani, kuma akwai aikin da wani na waje ya yi? Dalili shi ne, sabon kamfani yana canza kayansa kusan kowane mako bisa abin da masu saye suka ce. Wanda ya ba da aikin kwangila ga wani kamfanin waje, kowane gyara sai ya biya, sai ya jira. Kafin ya gyara sau uku, jarinsa ya ƙare. Wanda maginin yake cikin gida kuwa, a yi magana da safe a gyara da dare.

Ban da wannan, mutane ake zaɓa kafin dabara. A rukunin farko na 2005, Alexis Ohanian, wanda ya karanta tarihi da kasuwanci, ya zo tare da abokinsa Steve Huffman gwanin kwamfuta, da dabarar sayen abinci ta salula. Aka ƙi dabarar, amma aka kira su suka dawo, suka kafa Reddit. Ita ma Jessica Livingston, ɗaya daga cikin masu gidan, aikin talla take yi a wani banki kafin nan, kuma ita aka fi dogara da ita wajen karanta halin masu nema. Michael Seibel kuwa, mai ilimin siyasa, shi ya zama shugaban sashen reno na gidan cikin 2016.

Rabon gado tun ana raye

Wurin da masu dabara suka fi tuntuɓe shi ne rabo. Mutum yakan ce dabara tasa ce, saboda haka zai ba gwanin kwamfuta kashi 5 ko 10, ya riƙe saura. Gwani na ƙwarai ba ya barin albashinsa a kan haka, in ma ya zo, ranar da wuya ta yi zai tafi. Shawarar da gidan yake bayarwa ita ce a raba daidai ko kusa da daidai, domin aikin shekara goma da ke gaba ya fi dabarar wata shida da ta wuce nauyi. Kariyar kowa kuma tana cikin yarjejeniya: kason mutum yana tabbata ne sannu sannu cikin shekara 4, wanda ya fita kafin shekara ɗaya ta cika ba ya tafiya da komi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma a rubuta tun da wuri wane gefe kowa zai kama.

Wasu za su ce zamani ya canza, tunda yanzu akwai na'urori masu basirar ƙirƙira da ke rubuta umurnin kwamfuta da kansu in an gaya musu abin da ake so. Gaskiya ne sun sauƙaƙe gwajin farko. Cikin Maris na 2025 wani babba a Y Combinator, Jared Friedman, ya bayyana cewa kashi ɗaya cikin huɗu na kamfanonin rukunin lokacin, na'ura ce ta rubuta musu kashi 95 cikin 100 na umurninsu. Amma ya ƙara da cewa masu kamfanonin nan gwanaye ne da za su iya rubutawa da hannunsu. Ranar da dandali ya tsaya, ko kuɗin mutane suka ɓace a ciki, dole a samu wanda ya san inda zai duba.

Kafin a cika takarda

Ya kamata a faɗi gaskiya: mafi yawan sababbin kamfanoni mutuwa suke yi, har da waɗanda suka fito daga manyan gidajen reno. Wanda ya sayar da gona ko ya bar aikin gwamnati domin dabarar da bai gwada ba, ya yi ganganci.

Gwajin kuwa ba ya bukatar injiniya. Mai son haɗa manoman albasa na Galmi da masu saye a Yamai yana iya farawa da littafi, da alƙalami, da salula ɗaya: ya haɗa ciniki 20 da bakinsa, ya rubuta nawa aka saya, nawa ya samu, wa ya dawo karo na biyu, wa ya ƙi da dalilinsa. Wannan littafi shi zai nuna wa gwanin kwamfuta don ya yarda ya shigo, shi ne kuma zai ajiye gaban masu zaɓe, ko a Yamai ko a Kalifoniya. Da ɗan gari akan ci gari, kuma sanin kasuwa shi ne jarin da injiniya ba ya samu a makaranta.

Su ma ma'aikatan hukuma da ke shirya gasa da tallafin matasa suna da abin ɗauka. In takarda ta zo gabansu, kada su tsaya ga digirin mai ita ko kyan bayaninsa. Su tambaye shi mutum nawa suka riga suka biya, da sunan wanda zai gina, da kason da aka rubuta masa.